Ba A Mutuwa A Gidana

An yi wani mutum a nan Tudun Wada, zamanin da jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba. Unguwar ta cika da baƙi, kowa da garinsu, ba wanda ya san uban wani. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga ya tafi inda za mu.

Mai masauki ne. Fatake da 'yan ƙwadago suna sauka a gidansa. Yana salla, yana azumi, ba ya cin kayan baƙo. Doka ɗaya ya kafa: "Ba a mutuwa a gidana." Dalilinsa kuwa, in baƙo ya cika a gidanka, kai ne danginsa. Kai za ka nemo mai wanka, ka yanko likkafani, ka ɗauko makara, ka shimfiɗa tabarmi kana karɓar gaisuwa, fatake kuma su hango zaman makoki su wuce gidan gaba. Shi dai ya ga ba zai iya ba. Da ciwo ya kayar da baƙo, sai baransa Gwadabe, wani ƙato marar musu, ya saɓa shi ya kai gindin tsamiyar bakin hanya, wai ya sha iska. Wanda ya tashi ya dawo. Wanda bai tashi ba, dogari ya zo da fursunoni su ɗauke.

Da farko maƙwabta sun yi tir. Daga baya suka ga abin da sauƙi, suka koya. Aka wayi gari mutum yana shure-shuren ajali a gindin tsamiya, mai rake yana cinikinsa a gefe. Na gaji da faɗa, 'yan uwa, amma ido ba abin da ba ya sabawa da shi.

Mutumin nan yana da ɗa guda, Kailani, wanda uwarsa ta rasu tun yana ƙarami. Da ya girma ya bi aikin shimfiɗa hanyar jirgi can kudu, shekaru ba labari. Uban ya gina masa ɗaki ya kulle, jirgi bai taɓa yin kuka ba sai ya fito ya leƙa hanya. To amma ɗan fari ne, kun kuwa san kunya. Bai taɓa kama sunansa ba. Sai dai ya ce, "Yaron nan in ya dawo." Gwadabe, da aka ɗauka bayan tafiyar yaron, bai san suna ba, bai san kama ba.

Ran nan maigida ya tafi Kano sarin kaya. Da ya dawo, ya biyo ta gindin tsamiya da hantsi, ya ga an rufe wani da tsohuwar tabarma, ƙafafu a waje, ƙuda na bi. Bai tsaya ba. Ko innalillahi bai ce ba. Ya tattare bakin rigarsa ya raɓa, ya ce wa mai rake, "Har yanzu ba su zo sun ɗauke ba?"

Sai bayan la'asar, ya ci ya sha, Gwadabe ya kawo masa wani ƙunshi.

"Maigida, na wani baƙo ne da ya sauko daga jirgi bayan tafiyarka, jiki kamar wuta. Na kai shi shan iska. Yana ta sambatu, wai shi ɗan gidan nan ne. Na ce duk mai zazzaɓi haka yake cewa."

"Bai faɗi suna ba?"

"Ya faɗa. Wai Kailani. Muna da wani Kailani ne?"

Maigida ya fita a guje, ba hula ba takalmi. Gindin tsamiya wayam, sai tabarma. Ya tambayi mai rake, ya ce bai lura ba. Ya sami dogari, dogari ya ce kabarin a bayan gari yake, amma ranar ba shi kaɗai suka rufe ba, ba zai iya nuna wanne ne ba. Wa ya yi masa salla? Wa ya raka shi? Duk Tudun Wada ba a sami mutum ɗaya ba.

Daga nan bai ƙara komawa daidai ba. Baƙi suka watse, damina ta ci katanga. Ya tare a gindin tsamiya, sunan da ya yi shekaru yana kunyar faɗa, shi yake kira da ƙarfi har muryarsa ta dushe. Mutane suna raɓa shi su wuce, yadda ya koya musu.

Ya 'yan uwa, ba gawar da ba ta kowa ba. Rai kuwa aro ne, ba ya sallama in zai fita. In makara ta gifta, ka miƙe, ka bar rumfarka, ka sa kafaɗa ko da taku kaɗan ne. Ba ka san wa ke ciki ba, ba ka san wa zai ɗauki taka ba.

Allah ya ba mu masu rufe mu, ya sa mu cika a hannun masu tausayi. Allah ya kiyaye mu da bushewar zuciya. Amin.