Habila Da Rafin Da Ya Sauya Hanya

An yi wani mutum a wani ƙauye, tun zamanin da majami'a ta ciyawa ce, ƙararrawa kuma guntun ƙarfe ne rataye a bishiya. Sunansa Habila. Bawan Allah ne kawai, ba fasto ba, ba dattijon ikilisiya ba. Ko waƙa bai iya ba, in ya buɗe baki a sujada sai yara su sunkuya suna dariya. Noma ya sani.

Gonarsa tana bakin rafi. A ƙetare akwai gonar maƙwabcinsa Filibus, wanda muryarsa ta fi ta kowa daɗi a majami'a. Al'adar garin kuwa, rafi ne iyaka. Inda ruwa ya bi, nan iyaka take. Ko ya ba ka, ko ya ƙwace maka, ba ƙara, ba shari'a.

To, ku saurara. Wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rafi ya cika ya batse, ya bar hanyarsa ya yanka ta cikin gonar Filibus. Da ruwa ya janye, sai ga fadamar Filibus, da shinkafarta a tsaye, ta dawo ɓangaren Habila. Gonar Habila kuwa tsakuwa ta fi ƙasa yawa, rumbunsa bai taɓa kai shi kaka ba.

Mai unguwa ya zo ya duba, ya ce, "Habila, ruwa ya ba ka. Taka ce."

Matarsa Lidiya ta rangaɗa guɗa. Ta ce, "Maigida, ka ga addu'ata? Bana dai yaran nan ba za su kwana da yunwa ba!"

Washegari Habila ya tafi ya yi ta ɗauko duwatsu yana jerawa a tsohuwar hanyar rafin don iyaka ta tsaya inda take a da, sannan ya nufi gidan mai unguwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ne ya ture iyaka, gaskiya ne. Amma in na ci abin da ke ciki, ni na ture. Ran Lahadi ni da Filibus ƙoƙo ɗaya za mu sha a teburin Ubangiji. Da wane baki zan sha?"

Lidiya ta tare shi a ƙofar gida. "Maigida, yaran nan duwatsun za su ci?"

Ya ce, "Za su ci abin da muka saba ci."

Ta yi kwanaki ko sannu ba ta ce masa ba, ni kuwa ban ga laifinta ba. Wannan damina tafasa da rama suka riƙe gidan. Filibus ya yi godiya, ya girbe shinkafarsa.

Na ga wasunku sun gyara zama, suna jira in ce Allah ya ninka wa Habila hatsi. Bai ninka ba. Bayan wasu shekaru rafi ya sake sauya hanya. Wannan karon ɗan gefen da ke da laima a gonar Habila ya yanka ya kai wa Filibus. Filibus ya ce, "Al'ada ce, ɗan'uwa. Ba ni ba ne, ruwa ne." Ya sa garma ya nome.

Lidiya ta ce, "Je ka tuna masa!"

Habila ya ce, "Ba don Filibus ya rama mini na yi ba. Wanda na yi wa biyayya ya gani."

Haka ya tsufa, haka ya rasu, da gonarsa ƙarama. Ranar jana'iza aka ce Filibus ya ja waƙa kamar yadda ya saba. Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Sai ya juya ya bar wajen. Da aka watse, aka same shi a bakin rafi, tsoho tukuf, yana ɗaukar duwatsu yana jerawa inda ruwa yake bi a da. Tun daga ranar, a garin nan duwatsu ne iyaka.

'Yan'uwa, ga maganar a fili. Ba a majami'a ake gane mai bi ba, don a nan kowa tsarkakakke ne. Ana gane shi ranar da al'ada ta ba shi, mai unguwa ya ba shi, yunwa ta ce karɓi, Ubangiji kaɗai ya ce ba naka ba ne. Biyayya ke nan, ko an saka maka a nan duniya ko ba a saka ba.

Kowa a cikinmu yana da rafinsa. Wani a rabon gado, wani a bakin mudu, wata a gidan da take aiki. Yau mun yi waƙa, ta yi daɗi. Gobe Litinin, je ka duba inda ruwa ya kawo maka abin wani, ka sunkuya ka ɗauki dutsenka.