Wa Zai Bi Walida Jalingo?

Ku matso, muryata ba ta kai wa bakin ƙofa yanzu. Wannan ba tatsuniya ba ce, a ɗakin nan aka yi ta.

'Yata ta fari ta rasu kwana shida da haihuwa, ko suna ba ta gani ba. Safara'u sunanta. Ban taɓa kiransa tana raye ba, sai yanzu da ba za ta amsa ba. Aka mayar wa jaririyar sunan, muna ce mata Walida. Ni kuwa sanyin ƙashi ya kanannaɗe mini yatsu, ko majanyi ba na iya ɗaurewa. Uban, Nafi'u, malamin makaranta ne, yini yake a waje. Shi ya sa muka nemo mata uku a unguwa, dukansu zawarawa, suna karɓa-karɓa da rainon.

Tabawa ce da safe. Ita ba ta yarda jariri ya taɓa ƙasa ba. Walida ta ƙi bulumboti, kwana biyu ba abin da ya shiga cikinta, kukan ma ya fara ƙarewa. Tabawa ta kwantar da ita a ƙirjinta fata da fata, tana ɗiga mata madara da ƙaramin cokali, har ta soma haɗiya. Daga nan ta goya ta, kuma kusan ba ta sake sauke ta ba. Da goyo take shara, da goyo take daka. Wata takwas yarinyar nan ba ta iya zama ita kaɗai ba, in an zaunar da ita sai ta kife.

Azumi ce daga azahar. Ta taɓa yin shara a asibiti. Tana zuwa take kwance goyon, ta shimfiɗa tabarma ta ajiye ta, ta koma bakin rijiya tana wanki, idonta a kan yarinyar. Walida ta yi ta kuka, Azumi ta ce, “Ƙyale ta, Inna, huhunta take buɗewa.” Amma ranar da gudawa ta kama yarinyar, a bayan Tabawa ta yini shiru, muna cewa barci take. Azumi na kwance ta, ta ga ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, zanin goyon kuma babu danshin fitsari. Tabawa ta tashi kwaɓa maganin shafawa a ka. Azumi ta ce, “Yaya Tabawa, kin goya ta tun safe, kin ga fuskarta kuwa?” Ta sungumi yarinyar sai asibiti. Leda uku ta ƙarin ruwa aka yi mata. Likita ya ce da mun kai magariba, da labari ya sha bamban.

Lantana ce daga la'asar. Wannan kam ba a sa ta a lissafin aiki. Ta bar kwano da ƙuda, ta manta ruwa a wuta har tukunya ta ƙone. Da aka sallamo Walida, jiki ya warke amma yarinyar ta zama kamar ba ta nan. Ba kuka, ba dariya, a kai mata kunu ta kau da kai. Tabawa ta goya, Azumi ta auna jikinta, duk ba ta ci ba. Lantana ta miƙe ƙafa, ta ɗora ta a gwiwa fuska da fuska, tana zuba mata surutu kamar da babba: “Hajiya, kin ji abin da mai kifi ya yi mini yau? Ashe ke ma kin ji haushi!” Kwana tara tana wannan shirme. Rana ta goma Walida ta kama mata hanci ta ƙyalƙyale, Lantana ta zura mata cokali, ta haɗiye.

To, an yi wa Nafi'u canjin wurin aiki zuwa Jalingo. Ba zai bar 'yarsa ba, ni ma ban ce ya bari ba. Ɗaki ɗaya ne ya rage a gidan da ya samu, mutum ɗaya zai ɗauka. Duk ukun sun ce za su je. Jiya ya durƙusa a nan, kansa a ƙasa, ya ce, “Inna, ke kika ga komai. Wadda kika ce, ita ce.”

Ranar Asabar motarsu za ta tashi. Na riga na binne uwar, ba ni da ƙarfin da zan yi kuskure a kan 'yar. Ba don Tabawa ba da ba ta kai sati biyu ba. Ba don Azumi ba da ba ta kai magaribar nan ba. Lantana kuwa, ita kaɗai Walida ke miƙa wa hannu.

To, ku da kuka yi raino kuka ga jikoki, wace ce a cikinsu zan miƙa wa yarinyar nan?