Ƙafar Sallau Tela da Sunan Jaririya

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, ku ne alƙalai.

Sallau tela ne a Gumel, da keken ƙafa yake ɗinki. Yana da ciwon suga, irin wanda ke kashe jin ƙafa, shi ya sa da allura ta karye masa a tafin ƙafar dama bai ma sani ba. Da wurin ya kumbura ya barbaɗa toka, ya ɗaure da ƙyalle, ya ci gaba da ɗinkin Sallah. Taurin kai kam, Sallau ba ya neman aro. Sai da wari ya kori masu kawo ɗinki aka kai shi asibiti. Likita ya duba ya ce in bai ga sauyi ba kafin ya sake zagayowa, yankewa za a yi. Hankalin Sallau ya tashi, don da ƙafar nan yake ciyar da gidansa, ga matarsa da tsohon ciki. Ya yi alkawari a gaban jama'a, in mace aka haifa, wadda ta ceci ƙafarsa zai yi wa takwara.

Ma'aikatan jinya uku ne ke kula da ɗakin da aka kwantar da shi. Ta farko Hansatu, ita ke wankin ciwo. Warin da ya sa 'yan uwansa toshe hanci, ita a kansa take sunkuyawa kullum safe, ta wanke da ruwan gishiri, ta cire mataccen nama, Sallau na cizon matashi. Da ta ga ruwa bai daina fita ta gefe guda ba, ta bi wurin a hankali har ta zaro guntun allurar. Daga ranar jan nama ya fara tasowa.

Sai kuma ciwon ya tsaya cak. Ana yi masa allurar suga, sugan ya ƙi sauka. Suwaiba, ta biyu, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta tarar da fura mai zaƙi da lemon kwalba, duk na 'yan dubiya. Surukarsa ce kan gaba wajen kawowa, shi kuwa kunya ba ta barinsa ya ƙi sha. Suwaiba ta tare tsohuwar a ƙofa. "Baba, ki yi haƙuri, furar nan ita ke cin ƙafarsa." Tsohuwa ta kira ta marar kunya, ta ce za a kashe mata suruki da yunwa. Suwaiba ta shanye zagin, ta mayar da shi kan wake da zogale da ɗan tuwo. Suga ya sauka, ciwo ya ci gaba da haɗewa.

Ana gobe likita zai zagayo, tsoro ya sa Sallau ya ɗauki azumi a ɓoye don roƙon Allah, kuma ya miƙa hannu aka yi masa allurarsa yadda aka saba. Bayan azahar ya ji jiki na rawa, ido na duhu, harshe ya yi nauyi. Can nesa yake jin ƙaninsa na laƙƙana masa kalmar shahada, mata sun fara kuka. Ramatu, ta uku, ta kutsa tsakaninsu. Ta taɓa goshinsa ta ji gumi mai sanyi, ta ga kwanon abincinsa ko buɗewa ba a yi ba. Ta huda yatsarsa ta auna, suga ya faɗi ƙasa warwas. Nan take ta tura masa ruwan suga ta jijiya, abin da aka yi ta faɗa a kan hana shi. Sallau ya buɗe ido yana tambayar me ya tara mutane.

Washegari likita ya kwance ciwon, ya danna nan, ya danna can, Sallau ko numfashi ba ya yi. Can ya ce ƙafa ta tsira. Sallau ya fashe da kuka ba kunya.

Bai daɗe da komawa gida ba matarsa ta sauka, mace, guda ɗaya tak. Gobe suna, an sayi rago, an raba goro, liman zai miƙo kunne a raɗa masa suna. Sallau na zaune gaban kekensa, tunani ya hana shi ɗinki, yana kallon ƙafarsa.

To, sunan wa zai raɗa, Hansatu, Suwaiba ko Ramatu?