Magudanar Da Ta Cika Har Baki

Akwai wani manomi mai lambu a bakin magudanar ruwa. Ƙanensa Auta yana noman albasa can ƙasa, inda magudanar ta ƙare. Duk ruwan da zai je wurin Auta sai ya bi ta gaban wansa.

Al'adar wurin ita ce, kafin a sako ruwan rani, kowa ya shiga da shebur ya yashe lakar da ta taru a yankinsa. Manomin nan kuwa ya daina. Yakan tsaya a kan gaɓa ya ga ruwa ya cika har baki, yana sheƙi, yana shiga lambunsa ba wahala. Sai ya ce a ransa, abin da ya cika, me za a yashe masa?

Wata rana Auta ya zo, ya ce, "Yaya, ruwa ba ya isowa wurina. Albasa duk ta kwanta."

Wan ya yi dariya. "Kai da barcin safe. Dubi nan, bana ma ya fi bara cika. Je ka gyara naka."

"Na gyara, Yaya. Ko sau ɗaya ka shiga ka gani."

"In jiƙa wandona saboda rakinka?"

Auta ya juya ya tafi. Da albasar ta ƙone, ya bi abokai zuwa haƙar zinariya don ya ciyar da iyalinsa. Can rami ya rufta da shi. A tabarma aka kawo shi gida.

Bayan jana'iza, wan ya nufi magudanar ya wanke ƙasar kabari daga jikinsa. Ya naɗe wando har cinya, don ya san wurin da zurfi. Ya zura ƙafa.

Ruwan bai wuce idon sawunsa ba.

Ƙarƙashi duk laka ce, ta taru shekara bisa shekara, ta ɗago ɗan ruwan sama har ya yi kamar ya cika. Ya tsaya a ciki, bakinsa a buɗe. Ko kuka ya kasa.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Ruwan nan alherin Ubangiji ne, ba domin mu kaɗai aka sako shi ba. Magudanar ita ce zuciyarmu. Lakar kuwa ba ta zuwa da ƙara: gaisuwar da aka fasa, ƙaramin fushi da aka kwana da shi, "sai gobe" da aka yi ta faɗa wa mai bukata. Mutum yana iya cika har baki da waƙa da addu'a ran Lahadi, alhali ba abin da ke wucewa ta cikinsa.

Wanda yake ƙasa da kai shi ya san zurfinka. In ya ce bai samu ba, kada ka yi gardama, ka sauka ka duba. Laka tana yasuwa kowace rana. Mai jiran ruwan ne ba kullum za ka tarar da shi ba.