Gara da Maniƙan Cikinta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama!

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na nan.

Wata yarinya ce, Ladingo. Babanta ya rasu, ya bar mata kaka tsohuwa da rumbu ɗaya na irin gero. In irin nan ya tafi, ba shuka, ba tuwo.

Sai Gara ta fito daga surinta. Ta ci ƙyaure, ta ci azara, ta ce, "Saura rumbu."

Ladingo ta zuba mata toka. Gara ta yi atishawa, ta wuce. Ladingo ta kwara mata ruwan zafi. Gara ta ce, "Na gode da wanka." Ladingo ta sako mata kaji. Kaji suka ci har suka ƙoshi, Gara ko gezau.

Ladingo ta zauna gindin rumbu tana kuka. Can sai ta ji wata 'yar waƙa daga cikin Gara:

"Gurza, gurza, mu niƙa mata,
Ita ta gatsa, mu ne ke ci da ita."

To, wadda ta tashi a bakin dutsen niƙa ai ba a ɓoye mata waƙar niƙa. Ladingo ta share hawaye ta ce, "Ranki ya daɗe, su wa ke waƙa a cikinki?"

Gara ta yatsine fuska. "Wasu mitsi-mitsin halittu ne, ido ba ya ganinsu. Tun kakannina suke zaune. 'Yan cin arziki, ba su da aiki sai surutu."

Ladingo ta ce a ranta, ashe ke haƙori kawai gare ki, su ne dutsen niƙa. A fili kuwa ta ce, "Haba! Babba kamarki, cikinta na ƙugi a bainar jama'a? Ai wannan cuta ce."

"Cuta ce?"

"Cuta ce mana. Akwai ragowar kafso na ciwon ƙafar Kaka, ja da yalo, mai kashe ƙwayoyin cuta. Ba ya barin ko ɗaya."

Gara ta ce, "Miƙo!"

Ta haɗiye na fari, waƙa ta yi ƙasa. Ta haɗiye na biyu, saura murya ɗaya tana cewa, "Uwar ɗaki, mu ne fa!" Ta haɗiye na uku, tsit. Shi kafso ina ruwansa da mugu da nagari? Duk ya share.

Gara ta yi murna. Ta gatsa ƙafar rumbu, ta haɗiye. Itace ya zauna mata a ciki kamar dutse. Ta ƙara, ya ƙara zama. Ciki dam, ga yunwa. Ta rame, ko ƙwai ta kasa yi.

Ta yi kira, "Maniƙana, ku dawo!"

Ladingo ta ce, "'Yan cin arzikin? Ai ke kika sallame su."

Gara ta ja ciki ta koma suri, ba ta sake leƙowa ba. Ruwa ya sauka, Ladingo ta buɗe rumbu, iri na nan cif. Ta shuka, gero ya yi, Kaka ta rangaɗa guɗa har ta manta da ciwon ƙafa.

Yara, ba kowane baƙon ciki ne cuta ba, kada ku sha magani ba ciwo. Wanda ya raina mai yi masa niƙa, da tsaba zai kwana.

Ƙurunƙus kan Gara! Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je suri ya kasa kunne.