Rijiyar Waziri Nomau

A can zamanin da ya shuɗe, an yi wani sarki da ya ƙudura kafa doka a kan laifin harshe. Malamai suka yanka wa zagi bulala, suka yanka wa ba'a tata. Da aka zo kan gori sai suka kasa faɗin ma'anarsa. Sarki ya dubi Wazirinsa Nomau, ya ba shi kwana uku ya zo da ma'anar gori, in ya kasa a kwance masa rawani.

Kaico! Duk ƙasar ba wanda ya san gori kamar Nomau. Shekara ashirin baya, yana bafatake, ya faɗa wata busasshiyar rijiya a dawa, ya kwana ya yini. Sarki ya fito farauta ya ji nishinsa, ya sa aka zura guga aka jawo shi. Ya kai shi fada, har ya zama Waziri. Tun daga ranar, ko shawara Nomau ya kawo ko tari ya yi a fada, sai Sarki ya ce da ba don shi ba da tuni ƙasusuwan wani sun ruɓe. Fadawa su fashe da dariya, shi ma ya yi yaƙe.

Kwana biyu Nomau yana ta juya maganar. In ya faɗi gaskiya, wuyansa; in ya yi shiru, rawaninsa. Ya ga duk ɗaya ne, ya gaji.

Ran kwana na uku ya roƙi Sarki su hau zuwa dawa, wai amsar tana can. Da suka isa bakin rijiyar, ya kwance rawaninsa da hannunsa, ya zauna ya zura ƙafafu ciki.

“Ranka ya daɗe, mai zagi jifanka yake da ƙarya, mai ba'a a yi dariya a watse. Mai gori kuwa da alherin da ya yi maka yake dukanka, ba ka da bakin ramawa. Rijiyar nan kwana ɗaya ta riƙe ni, kai shekara ashirin. Mayar da ni inda ka same ni.”

Sarki ya sauko daga kan doki. Ya kama shi ya tayar, ya naɗa masa rawaninsa, ya sa aka cike rijiyar da ƙasa. Aka yi shela gari duka, mai gori hukuncinsa ya ninka na mai zagi. Jama'a suka yi ta sa albarka, Nomau ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Washegari ya shiga fada ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya dube shi da fara'a, gaban kowa, ya ce, “Waziri, ka kwana lafiya? Ka tuna fa, saboda kai na cike rijiya guda.”

Fadawa suka yi dariya. Nomau ya sunkuyar da kai, yanzu ko rijiyar komawa ba shi da ita.