Ungozomar da Ke Gyara wa Kowa Turanci

Akwai wata ungozoma a wani asibiti, shekararta goma sha tara tana karɓar haihuwa. Aiki kam ta iya shi, ko mai ƙinta ba zai musa ba. Amma tana da wani hali guda: ba ka isa ka yi Turanci a gabanta ka gama lafiya ba. Kana tsakiyar magana za ta ɗaga yatsa ta ce, "Ba haka ake faɗa ba." Har likita ta taɓa gyara wa a gaban majinyata. Shi ya sa abokan aiki suka laƙaba mata Ƙamus, ita kuwa sunan daɗi yake mata.

Wata rana aka manna sanarwa a allon ɗakin haihuwa. Za a tura ungozoma ɗaya kwas na shekara guda a ƙasar waje, in ta dawo ita za ta shugabanci sashen. Wadda ta fi maki a jarrabawar Turanci ta baka ita za a ɗauka, kuma kada shekarunta su wuce arba'in da biyar. Ƙamus arba'in da biyar gare ta cif. In bana ta wuce ta, to ta wuce ke nan har abada.

Su biyu suka cika fom, ita da wata abokiyar aikinta da ake kira Maman Biyu, mace mai fara'a da surutu, wadda Turancinta ke tafiya yana tuntuɓe.

An yi musu bayanin yadda jarrabawar take. Minti biyar na farko hira ce kawai: sunanka, aikinka, gidanku, abin da kake yi in ka samu hutu. Wai don a kwantar wa mutum da hankali, amma tun daga nan ake fara ba da maki.

Ƙamus ta sayi sabon littafi. Ta zauna ta rubuta tambayoyi talatin, kowace da amsarta, da manyan kalmomi irin waɗanda sai ka numfasa kafin ka ƙarasa su. Ta shiga hadda. A motar haya bakinta na motsi, tana shanya bakinta na motsi. Sau biyu tukunya ta ƙone a kan wuta.

Lokacin hutun rana Maman Biyu ta same ta a ɗakin canja kaya.

"Yaya, don Allah mu riƙa yin hirar nan tare mana. Minti goma kullum. Ki tambaye ni, in tambaye ki."

Ƙamus ta rufe littafinta, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ni da ke? In zauna ina jin wannan Turancin naki har ya ɓata mini kunne? Haba Maman Biyu, ki ji tausayina mana."

'Yan matan da ke ɗakin suka ƙunshe dariya. Maganar ta yi wa Maman Biyu zafi, har idonta ya kawo ruwa, amma ta ce, "To Yaya, Allah ya ba mu sa'a," ta fita.

Ba ta zauna ba fa. Mai ba da magani, ɗaliban jinya, direban motar asibiti, duk wanda ta kama sai ta ce, "Yi mini tambaya da Turanci." Ta yi kuskure a yi mata dariya, ita ma ta yi, ta sake faɗa. Ƙamus in ta jiyo ta daga nesa sai ta ja tsaki.

A gida ma, mijin Ƙamus ya gwada. Tela ne, yana ɗinki a shagon da ke ƙofar gida. Wata safiya ya ga littafin a kan tabarma, ya ɗauka ya ce, "Kawo in zama mai jarrabawar. Amma ba zan bi layi ba, duk abin da ya zo mini zan tambaya."

Ta fizge littafin. "Maigida, ka ji da kekenka. Turancin da ka bari tun aji uku ne za ka gwada ni da shi?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ni dai shekara ashirin muna tare, na sha jin kina gyara wa mutane, amma ban taɓa jin kin yi hira da Turanci ba."

Gaskiya kuwa ya faɗa. Jama'a, abin da ba wanda ya sani shi ne tsoro take ji. Wadda ta shekara goma sha tara tana kama kuskuren mutane, ina za ta sa kanta ranar da aka kama nata? Sai ta ƙara ƙanƙame littafin.

Ranar jarrabawa ta zo. Aka jera su a kan benci a wani dogon baranda, aka karɓe wayoyi da jakunkuna. Littafin Ƙamus ma aka karɓe. Maman Biyu na gefenta tana ta karkaɗa ƙafa.

"Yaya, cikina fa ya ɗuri ruwa."

"Ki yi mini shiru, za ki rikita mini lissafi."

Ƙamus aka fara kira. Ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, kujeru biyu, agogo a bango, da 'yar na'urar ɗaukar murya mai jan haske. Mai jarrabawar dattijo ne mai gilashi. Ya gaishe ta da Turanci, ya tambayi sunanta. Ta faɗa. Ya tambayi aikinta.

Alhamdulillahi, tambaya ta biyu a littafi! Ta kafa ido a bango ta fara zubo amsa tiryan-tiryan, ba tuntuɓe ba numfashi. Dattijon ya saurara kaɗan, ya ajiye biro, ya ɗaga hannu.

"Na gode. Bari in tambaye ki wani abu. Jiya a wurin aiki, me ya fi ba ki wahala?"

Wannan ba ta cikin talatin ɗin.

Kuma wallahi tana da amsa, amsa ma mai kyau. Jiya da azahar wata yarinya ta haihu, jaririn ya fito ba ya numfashi, jikinsa ya saki. Likita na ɗakin tiyata. Ƙamus ce ta ɗauke shi, ta share masa hanci da baki, ta yi ta murza bayansa tana matsa masa iska da 'yar jakar roba, Maman Biyu na riƙe da uwar tana hana ta tashi. Sai da aka kusa minti biyu kafin ya tsanyara kuka.

Labarin duk yana nan a ƙirjinta da Hausa. Ta haɗa jimla ta farko da Turanci a zuci, ta duba ta, ta ga kamar akwai kuskure, ta yar. Ta haɗa ta biyu, ita ma ta yar. Jan hasken na'urar yana kallonta. Tsinken agogo yana tafiya, tana jin ƙararsa har cikin kanta.

"Kada ki damu, faɗa yadda ya zo miki," in ji dattijon.

Da ƙyar ta ce, "Babu komai."

"Babu komai? To, wa kika fi jin daɗin aiki da shi?"

Ita ma babu ta a littafi. Cikin ruɗewa ta cafko amsar da ta fi kusa, ta fara karanto masa yadda take son karance-karance a ranakun hutu. Tana tsaka da faɗa ta ga ya sunkuyar da kai yana rubutu. Nan ta san an gama. A sauran jarrabawar ko muryarta ba ta ganewa.

Da ta fito, aka kira Maman Biyu. Ƙamus ta zauna a bencin tana jiran a ba ta jakarta. Ta cikin ƙofa tana jiyo muryar Maman Biyu tana hawa tana sauka, ta tsaya, ta sake ɗauka. Can sai ta ji dattijon ya yi dariya.

Bayan kwana goma aka manna sakamako a allon. Sunan Maman Biyu ne a sama. Ƙamus kuwa ko makin wucewa ba ta kai ba.

Ta shige ɗakin canja kaya ta zauna a kan akwatin safar hannu, kunya da baƙin ciki sun cika ta. Ba a jima ba Maman Biyu ta turo ƙofa, ta tsuguna a gabanta.

"Yaya, ki yi haƙuri. Wallahi ke kika fi cancanta."

Ƙamus ta share ido. "Ki faɗa mini gaskiya. Me kika ce masa har ya yi dariya?"

"Tambayata ya yi abin da ya fi ba ni wahala jiya. Sai na ba shi labarin jaririn nan. Kalmar murzawa ta ɓace mini, sai na kama murza tebur da hannu, shi ne ya yi dariya ya faɗa mini ita." Ta ƙara da cewa, "Daga nan ya ce wa na fi jin daɗin aiki da shi. Na ce ke. Na ce masa duk abin da na iya a ɗakin nan a hannunki na koya, kuma da ba kya nan ranar, da yaron nan bai rayu ba."

Ƙamus ta dube ta. Sai ta kama hannun Maman Biyu da hannu biyu, ta kifa kanta a kai, ta fashe da kuka.

Darasi: Wanda ke tsoron a ji kuskurensa ba zai taɓa koyon magana ba, kuma wanda ka raina a yau wataƙila shi ne abokin da Allah ya turo maka don ka tsira. In kana shirin jarrabawar baka, ajiye hadda, ka nemi wanda za ku yi hira, ka yarda a yi maka dariya tun a gida. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da irin wannan jarrabawa a gabansa, ko irin wannan hali.